Koyon ka'idar Einstein a gajerun kwasa-kwasai: amsoshin tambayoyinku

Tun bayan bayanin da muka yi a wannan fili a kan baƙaƙen ramukan sararin samaniya (wuraren da janyowarsu ta yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita daga cikinsu), mafi yawan wasiƙun da suka iso gare ni magana ɗaya suke kewayawa, wato gajerun kwasa-kwasan da cibiyoyin bincike suke shirya wa ɗalibai domin koyar da ka'idar dangantaka ta Albert Einstein da ilimin ƙarfin janyowa. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Akwai kalma ɗaya da nake so mu daidaita a kanta tun daga farko. Da yawa daga cikinku sun rubuta "maganaɗisun ƙasa", kuma na san haka kunnuwanmu suka saba ji, sai dai maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ruwansa da ƙwarya ko tsumma, alhali ƙarfin da yake faɗo da mangwaro daga reshe, yake kuma riƙe da wata a kewayen duniya, ba ya ware komai, har haske ma bai tsira daga gare shi ba. Saboda haka ƙarfin janyowa zan riƙa cewa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aji uku a jami'a, ina karatun fiziks. Na ga sanarwar wata makaranta ta mako biyu a ƙasar Jamus inda ake koyar da ka'idar dangantaka. Mu a sashenmu lacca uku ko huɗu kawai aka yi mana a kanta. Shin da gaske mutum zai iya koyon abin da ake cewa ya fi komai wuya cikin mako biyu, ko kuwa suna ne kawai ake nema?
Ɗalibi, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bisa siffar da ka bayar, ina kyautata zaton makarantar da Cibiyar Max Planck ta binciken ƙarfin janyowa take shiryawa ka gani. Ita ce aka fi sani da Cibiyar Albert Einstein, tana birnin Potsdam daf da Berlin, an kafa ta a shekarar 1995, kuma sunan shugabanta na farko, Jürgen Ehlers, wanda ya rasu a 2008, aka sa wa makarantar da akan yi wajen watan Maris.

Ba wanda yake ƙwarewa a wannan fanni cikin mako biyu, kuma duk makarantar kirki ba za ta yi maka wannan alkawari ba. A shekarar 1907, Einstein yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, tunani ya zo masa cewa mutumin da yake faɗowa daga sama ba ya jin nauyin jikinsa muddin yana cikin faɗuwar. Daga wannan tunani zuwa ranar 25 ga Nuwamba 1915, da ya gabatar da cikakken lissafin ka'idar a gaban majalisar masana ta Berlin, shekara takwas ce cur. Sai dai shi daji ya sare, kai kuwa hanya za ka tarar a buɗe, kuma aikin gajeren kwas shi ne ya kama hannunka ya bi da kai wannan hanya sau ɗaya tun daga bakinta har ƙarshenta, ta yadda idan ka koma gida ka buɗe littafi kai kaɗai, ka san inda kowane babi ya dosa.

A yawancin irin waɗannan makarantu, kwanakin farko suna tafiya ne a kan harshen da aka rubuta ka'idar da shi. Za a nuna maka yadda ake haɗa wuri da lokaci su zama shimfiɗa ɗaya mai fuska huɗu, da yadda ake auna tazara a kan shimfiɗar da ta lanƙwashe, da ma'aunin da masu fannin suke kira metirik. Daga nan a koya maka gano hanyar da ta fi miƙewa a kan irin wannan shimfiɗa, wadda suke kira jiyodesik, domin a fahimtar Einstein nauyin rana ne ya lanƙwasa wuri da lokaci a kewayenta, duniyarmu kuma tana bin hanya mafi miƙewa da ta samu a cikin wannan lanƙwasa, mu kuma muna ganin ta tana zagaye. Sai a kai ga zuciyar al'amarin, wato jerin lissafi goma da suke sarƙe da juna, gefe ɗaya yana faɗin yadda shimfiɗar ta lanƙwashe, ɗaya gefen yana faɗin nauyi da makamashin da suke cikinta.

Wanda ya fara warware wannan lissafi cikakkiyar warwara shi ne Karl Schwarzschild, yana cikin rundunar Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga aikinsa a 1916, shekarar da ya rasu. Kusan kowace makaranta tana tsayawa a kan warwararsa ta daɗe, kuma ta cancanta, domin daga cikinta ɗalibi yake fitar da amsoshi da hannunsa. A nan za ka lissafa ɗan ƙarin karkacewar da hanyar duniyar Makuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, take yi, sakan 43 na kusurwa a kowace shekara 100, abin da lissafin Newton ya kasa bayaninsa. Ka tuna cewa sakan ɗaya na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. A nan kuma za ka gano cewa da za a matse rana har nisan tsakiyarta zuwa gefenta ya koma kilomita 3, da ta zama baƙin rami, duniyarmu kuwa sai ta koma milimita 9, wato ba ta kai goro girma ba. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya fitar da wannan adadi da alƙalaminsa bai yi shiru na ɗan lokaci ba.

Mako na biyu ya danganta da malaman da aka gayyato, amma da wuya a rasa baƙaƙen ramuka, da faɗaɗar sararin samaniya, da igiyoyin janyowa, wato girgizar da take ratsa shimfiɗar wuri da lokaci. Wannan na ƙarshe yana da alaƙa ta kusa da cibiyar da kake magana a kanta. A ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO guda biyu na gano igiyoyin janyowa da suke Amurka, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kowace da hannaye masu tsawon kilomita 4, suka ji girgizar da ta taso daga haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka rana nauyi kusan sau 36, ɗayan kusan sau 29, bayan girgizar ta yi tafiyar kimanin shekara biliyan 1.3. Lokacin dare ne a Amurka, don haka masu bincike a reshen Cibiyar Albert Einstein da ke Hannover ne suka fara ganin alamar a kwamfutocinsu.

Amma idan ka tambaye ni inda amfanin makarantar yake kwance, zan ce maka yana cikin zaman la'asar, inda ake raba takardun atisaye, ɗalibai su zauna uku-uku ko huɗu-huɗu, wani matashin mai bincike yana zagayawa yana duba inda kowa ya maƙale. Lacca kam ana samun irinta a intanet. Abin da ba a samu a can shi ne mutumin da zai tsaya a kanka ya nuna maka cewa alamar ragi ɗaya da ka yar a layi na uku ita ce ta rushe maka shafi biyu. Manyan malamai ma a irin wannan zama suke ƙaruwa. A ƙauyen Les Houches da ke tsaunukan Faransa akwai makarantar bazara da Cécile DeWitt-Morette ta kafa a 1951, kuma a zaman da aka yi a can a 1972 a kan baƙaƙen ramuka ne James Bardeen da Brandon Carter da Stephen Hawking, waɗanda suka je domin koyarwa, suka tsara dokoki huɗu na baƙaƙen ramuka da aka buga a shekarar da ta biyo. Ka nemi makarantar, ɗana, amma ka karanta amsar da ke biye kafin ka cike takarda.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni lissafi nake karantawa, kuma da Faransanci aka koyar da ni tun daga firamare. Ina sha'awar wannan fanni ƙwarai, sai dai ban yi zurfi a fiziks ba. Za a karɓe ni? Me ya kamata in sani kafin in nema?
Ɗaliba, daga Damagaram

Amsa: Barka kadai, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin a wannan fanni ɗalibin lissafi ɗan gida ne. Einstein da kansa, lokacin da ya koma Zurich a 1912, ya tarar cewa lissafin da yake hannunsa bai isa ba, sai ya nemi taimakon abokinsa na makaranta Marcel Grossmann, wanda malamin lissafi ne. Grossmann ne ya nuna masa ilimin lanƙwasassun filaye da Bernhard Riemann ya aza harsashinsa a 1854, da lissafin tensa da Gregorio Ricci da Tullio Levi-Civita suka tsara, Einstein da Grossmann kuma suka fitar da aikin haɗin gwiwa a 1913. Kin ga ke nan kayan aikin daga gidanku aka aro su.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne kalkulas mai canji da yawa, ta yadda bambanta aiki ta fuska ɗaya a bar sauran fuskoki ya zame miki kamar shan ruwa. Sai aljabara ta bekta da matiris, musamman yadda adadin da ke wakiltar bekta yake sauyawa idan aka sauya ma'aunin da ake kallonsa da shi, domin wannan shi ne tushen tensa gaba ɗaya. A ɓangaren fiziks kuwa, abu biyu ne ba makawa: ilimin motsi a tsarin Lagrange, wanda ɗaliban lissafi sukan ji daɗinsa fiye da 'yan fiziks, da kuma ƙaramar ka'idar dangantaka ta 1905, wadda take magana a kan gudun haske ba tare da ƙarfin janyowa ba. Idan kin taɓa ilimin lantarki da maganaɗisu na Maxwell, ƙari ne mai kyau.

Ga gwajin da za ki yi wa kanki. Ki ɗauki fuskar ƙwallo, ki rubuta yadda ake auna ɗan gajeren nisa a kanta da kusurwa biyu, sannan ki nuna da lissafi cewa hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu tana kan babban zagayen da yake raba ƙwallon gida biyu daidai. In kin iya wannan ba tare da leƙa littafi ba, za ki bi makon farko lafiya. In ya gagara, ki ba shi wata biyu ko uku kafin ki nema, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na ga ɗalibai masu kaifin basira da suka ɓata kwana huɗu na farko suna kokawa da alamomin rubutu, kafin su farga an wuce su.

Game da harshe, kusan duk makarantun da ake tara ɗalibai daga ƙasashe daban-daban da Turancin Ingilishi ake koyarwa, har waɗanda ake yi a Faransa. Alamomin lissafi iri ɗaya ne a ko'ina, wannan zai rage miki wahala, amma ki fara sauraron laccocin da jami'ar MIT da Cibiyar Perimeter ta Kanada suka ajiye kyauta a intanet domin kunnenki ya saba.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama digirin farko, yana so in taimaka masa da kuɗin jirgi ya je irin wannan kwas. Ni ɗan kasuwa ne, ina so in san amfanin abin. Wannan karatu na taurari yana ciyar da mutum kuwa?
Mahaifi, daga Funtuwa

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan yi maka rufa-rufa ba. Kujerun aikin bincike a wannan fanni kaɗan ne a duk duniya, hanyar zuwa gare su kuma doguwa ce: digiri na biyu, da na uku, da wasu shekaru na aikin wucin gadi a cibiyoyi daban-daban kafin mutum ya zauna. Takardar shaidar halartar kwas na mako biyu ba ta ba kowa aiki. Abin da take iya bayarwa shi ne malamin da ya ga yaron da idonsa yana warware lissafi, wanda zai iya rubuta masa takardar shaida lokacin neman gurbin ƙaro karatu, kuma irin wannan gurbi a ƙasashe da yawa ana biyan ɗalibi alawus a cikinsa.

Batun ko ilimin yana da amfani a rayuwar yau da kullum kuwa, amsar tana cikin aljihunka. Wayar da direbanka yake duba hanya da ita idan ya ɗauki kaya zuwa Legas tana dogara ne da taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda suke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Saboda ƙarfin janyowa ya fi rauni a can sama, agogunan suna gaba da na ƙasa da kashi 45 cikin miliyan na sakan a kowace rana, saboda gudun da suke yi kuma suna ja baya da kashi 7, ya rage 38. A ido wannan ba komai ba ne, amma da saƙon da yake tafiya da gudun haske ake auna nisan, haske kuwa yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda, don haka da an yi watsi da gyaran da ka'idar Einstein ta nuna, kuskuren zai riƙa taruwa da kimanin kilomita 10 kowace rana.

Akwai kuma abin da yaron zai fito da shi ko da bai zauna a fannin ba. Mai binciken igiyoyin janyowa aikinsa shi ne tsamo ɗan ƙaramin saƙo daga cikin hayaniya mai yawa ta hanyar lissafi da rubuta manhajar kwamfuta, kuma bankuna da kamfanonin sadarwa da masu sarrafa bayanai suna neman masu wannan hannu. Shawarata ita ce, kafin ka fitar da kuɗi, ka sa shi ya nuna maka wasiƙar karɓa daga cibiyar, ya kuma nuna maka cewa ya nemi tallafin tafiya an ba shi ko an hana shi. In ya yi wannan, kuma malamansa na jami'a sun shaide shi da ƙwazo a lissafi, to ni a ganina kuɗin ba asara ba ne.

Tambaya: Malam, ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare. Ina so in shirya wa ɗalibaina na aji biyar da shida darasi na mako guda a lokacin hutu a kan wannan ka'ida. Abokan aikina suna cewa abin ya fi ƙarfin yara. Mene ne ra'ayinka?
Malamin makaranta, daga Katsina

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri, wannan ita ce wasiƙar da ta fi faranta mini rai. Ban yarda da abokan aikinka ba. Cibiyar Perimeter da ke Waterloo a Kanada ta yi shekaru tana shirya makarantar bazara ta 'yan sakandare inda aka riƙa taɓa waɗannan batutuwa, kuma yaranmu ba su gaza na kowa ba. Ƙaramar ka'idar ta 1905 ba ta bukatar lissafin da ya wuce dokar Pythagoras ta alwatika mai kusurwa 90, wadda ɗalibanka suka sani tun ƙaramar sakandare.

Ka fara da agogon haske. Ka zana madubi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, haske yana kai da kawowa tsakaninsu a cikin jirgin ƙasa mai gudu. Wanda yake cikin jirgin yana ganin hasken yana hawa da sauka a miƙe, wanda yake tsaye a tasha kuwa yana ganin sa yana bin karkatacciyar hanya da ta fi tsawo. Tunda gudun haske ɗaya ne a wurin su biyun, dole lokacin da kowannensu ya auna ya bambanta. Ka bar yaran su zana alwatikar su fitar da amsar da kansu: idan jirgin yana gudun kashi 3 cikin 5 na gudun haske, kowane sakan 4 na cikin jirgi sakan 5 ne a tasha. Na zaɓi wannan adadi ne saboda alwatika mai gefuna 3 da 4 da 5 ce, ba sai an nemi kalkuleta ba. Idan suka ce ai wannan zane ne kawai, ka ba su labarin miyuwon, ƙwayar zarra da take samuwa a sama da nisan kimanin kilomita 15, wadda tsawon rayuwarta kashi 2.2 ne cikin miliyan na sakan. Da lissafin da aka saba, tafiyar mita 660 kawai za ta yi ta mutu, amma ga shi ana kama ta da yawa a doron ƙasa, domin agogonta yana tafiya a hankali a ma'auninmu.

Babbar ka'idar kuwa, wato ta 1915 mai bayanin ƙarfin janyowa, lissafinta ya fi ƙarfin sakandare, amma tunaninta bai fi ba. Ka huda gorar roba a gefe kusa da gindi, ka cika ta da ruwa, ruwan ya riƙa tsartuwa, sannan ka sake ta daga saman bene ko tsani. Muddin tana faɗuwa tsartuwar za ta tsaya, saboda ruwan da gorar suna faɗuwa tare, nauyin da yake tura ruwan waje ya ɓace. Wannan shi ne tunanin Einstein na 1907 a cikin gorar ruwa. Domin nuna lanƙwasa, ka kawo ƙwallo ko kankana, ka zana alwatika daga ƙololuwa zuwa wurare biyu a kan ɗamararta masu tazarar rubu'in zagaye, yaran su auna su ga kusurwoyin sun tashi digiri 270 maimakon 180. Akwai masu shimfiɗa zane su ɗora dutse a tsakiya su gangaro da ƙwallaye. Yana jan hankali, amma ka faɗa wa yaran iyakarsa, domin janyowar ƙasa ce take lotsa zanen, kuma ba ya nuna lanƙwasar lokaci, alhali ita ce ta fi tasiri a faɗuwar abubuwa a nan duniya.

Kada ka bar labarin husufin ranar 29 ga Mayu 1919, domin a maƙwabtanmu aka yi rabinsa. Masanin taurari Arthur Eddington ya taso daga Ingila zuwa tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, wata tawagar kuma ta tafi Sobral a Barazil, domin su ɗauki hoton taurarin da suke kusa da rana lokacin da wata ya rufe ta, su ga ko haskensu ya karkace. Einstein ya ce zai karkace da sakan 1.75 na kusurwa, lissafin Newton yana ba da rabin haka. An yi ruwan sama a Principe da safiyar ranar, gajimare ya rufe sama, daga cikin hotuna 16 da Eddington ya ɗauka biyu ne suka yi amfani, amma da aka haɗa su da na Sobral aka sanar a Landan ranar 6 ga Nuwamba cewa sakamakon ya goyi bayan Einstein. Ka ce wa yaran su tambayi iyayensu game da husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, su ji yadda gari ya yi duhu da hantsi.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya taɓa faruwa da ni. Na shirya irin wannan darasi a wata makaranta, na cika kwana uku da labarai da hotuna, yara suna ta murna, amma ranar ƙarshe da na ba su tambaya guda ta lissafi, ƙalilan ne suka iya fara ta. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma tun daga lokacin ba na wuce minti 30 ina magana ba tare da na sa alƙalami a hannun yaro ba.

Tambaya: Malam, ba ni da halin zuwa Turai, kuma samun biza yana da wuya. Babu irin waɗannan makarantu a Afirka ne, ko wata hanya da talaka zai bi?
Ɗalibi, daga Zangon Kumasi

Amsa: Akwai, ɗana, kuma ɗaya daga cikinsu ta taɓa sauka a garinku. Makarantar Afirka ta tushen ilimin fiziks, wadda aka fi sani da ASP, ta fara a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi a 2012, sannan Dakar a 2014, Kigali a 2016, Windhoek a 2018. Duk shekara biyu ake yin ta, fanninta ya fi faɗi domin ta haɗa da ilimin ƙwayoyin zarra, amma akwai darussan taurari da asalin sararin samaniya a ciki, kuma akan ɗauki nauyin ɗaliban da aka zaɓa.

Sai cibiyar AIMS ta ilimin lissafi, wadda Neil Turok, masanin sararin samaniya, ya kafa a kusa da birnin Cape Town a 2003, ta kuma buɗe rassa a Senegal a 2011, Ghana a 2012, Kamaru a 2013, Ruwanda a 2016. Digiri na biyu take bayarwa cikin shekara guda tare da cikakken tallafi, kuma tsarinta gaba ɗaya gajerun kwasa-kwasai ne na mako uku-uku, waɗanda malamai daga jami'o'in duniya suke zuwa su koyar. Ka duba jerin darussan reshen da kake so kafin ka nema, domin abin da ake koyarwa yana sauyawa da malaman da suka zo.

Kada kuma ka cire Turai daga lissafinka gaba ɗaya. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964, an gina ta ne musamman domin masana daga ƙasashe masu tasowa. Makarantunta ba a biyan kuɗin rajista, tana ba wasu daga cikin mahalarta tallafin tafiya da masauki, kuma tun 1991 tana da shirin difloma na shekara guda mai shirya ɗalibi shiga digiri na uku. Ka nema ta shafin cibiyar kai tsaye. Duk wanda ya tsaya a tsakani ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi. Ka shirya takardar sakamakonka, ka sanar da malamai biyu tun da wuri cewa za ka bukaci shaidarsu, kuma a wasiƙar neman gurbi ka faɗi takamaiman abin da ka karanta da inda ka tsaya, domin wannan ya fi shafi guda na yabon Einstein tasiri a wurin masu zaɓe.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai aikin da za ka fara a makon nan in kana da kwamfuta da ɗan intanet. Masu LIGO da takwarorinsu na Virgo da ke Italiya sun buɗe bayanansu ga kowa a shafin GWOSC, tare da darussan da aka rubuta da manhajar Python, kuma sukan shirya taron horaswa na 'yan kwanaki kowace shekara wanda ake iya bi daga nesa. Ka haɗa abokai uku ko huɗu, ku sauke bayanan ranar 14 ga Satumba 2015, ku bi darasin tace hayaniya mataki-mataki. Saƙon bai wuce kashi 2 cikin 10 na sakan ba, kaɗawarsa tana tashi daga sau 35 zuwa sau 250 a sakan, kuma ya isa Livingston kashi 7 cikin 1,000 na sakan kafin ya isa Hanford. Idan kun jera layukan na'urorin biyu kun ga sun hau kan juna, ku ajiye hoton da lissafin da kuka yi, ku ambace su a wasiƙar neman gurbi, ni ma ku aiko mini da kwafi ta adireshin mujalla.